A wane zafi ne mai ke zama gawayi a sil ɗin famfo?

Tambaya: Ina aikin gyara a wata masana'anta inda muke dumama tankuna da mai mai zafi. Famfon da ke zagaya man yana aiki tsakanin digiri 260 da 280. Takardar man ta ce yana jure zafi har digiri 300 da ɗoriya, amma duk bayan 'yan watanni sai sil ɗin famfon, wato abin da ke hana man fita ta wajen shaf, sandar da ke juyawa, ya fara yoyo, in mun kwance mu tarar da wani baƙin abu mai tauri ya daskare a bayansa. A wane zafi ne mai ke fara zama gawayi? Ko dai man da ake sayar mana ne ba shi da kyau?

Amsa: Malam, bari in fara ba ka alƙaluman da muke aiki da su, sannan in yi maka bayanin inda suka fito. Man da aka tace daga ɗanyen mai, wato irin wanda ake zuba wa injuna da galibin man dumama masu araha, idan ya kwanta siriri a kan ƙarfe mai zafi kuma iska tana taɓa shi, daga wajen digiri 120 na ma'aunin Salshiyas yake fara barin datti mai kamawa. A digiri 150 abin ya yi sauri har ana ganinsa cikin makonni. Da zarar an haura 175 zuwa 200, in ba a yi wani tanadi a bayan sil ɗin ba, gawayi ya zama dole, sai dai a jira ranar. Wannan digiri 300 da ka gani a takarda gaskiya ne, amma magana ce ta man da ke gudu a cikin rufaffen bututu inda iska ba ta kai gare shi. Bayan sil ɗinka kuwa waje ne, iskar duniya ce ke kaɗawa a wurin.

Hanya biyu zafi ke lalata mai, kuma haɗa su wuri ɗaya shi ke ruɗa mutane. Ta farko, zafi shi kaɗai ya karya ƙwayoyin man, wasu su zama masu sauƙi su tashi, wasu su dunƙule su yi nauyi. Wannan yana buƙatar zafi mai yawa, ga man ƙasa, wato wanda aka tace daga ɗanyen mai, sai an kai digiri 300 zuwa 350 kafin ya yi ƙarfi. Shi ya sa za ka ga manyan lambobi a takardar man dumama, har na haɗi irin su Therminol 66 an rubuta masa digiri 345, Dowtherm A kuma 400. Hanya ta biyu ita ce haɗuwar mai da iskar oksijin. Wannan ba ta jiran digiri 300. Tun daga digiri 60 zuwa 70 take aikinta a hankali, tana mai da man tsami, ya yi duhu, ya yi danƙo. Ita ce ke cin sil ɗinka.

Sai ka ce, to me ya kai man waje tun da aikin sil shi ne ya hana shi fita? Ai sil irin wannan ba ya rufewa ruf. Fuska biyu ne masu santsi, ɗaya tana juyawa da shaf, ɗaya tana tsaye, sifirin da matsin man suna danna su. A tsakaninsu dole a sami ɗan siririn mai, kaurinsa bai wuce kashi ɗaya ko biyu cikin dubu na milimita ba. In babu shi fuskokin za su goga juna a bushe su ƙone cikin mintoci. Wannan ɗan man yana tsiyaya a hankali daga gefen matsi zuwa gefen iska. A famfon ruwa ba ka ganinsa, domin yana fitowa yake bin iska. Mai ba ya tafiya haka. Sassansa masu sauƙi su tashi, masu nauyin su zauna a kan ƙarfe mai zafi, sabo ya zo ya hau kan tsoho, dare da rana.

Dubi kaskon mai suyar ƙosai. Man da ke cikin kaskon ya fi ko'ina yawa, yana kan wuta tun asuba, amma yana nan a ruwansa. Bakin kaskon da bayansa, inda ɗan mai ya fantsama ya kwanta siriri, nan ne za ka ga baƙin ɓawo wanda sai an sa wuƙa an kankare. Mai ɗaya ne, wuta ɗaya ce. Bambancin shi ne na bakin kaskon ba shi da kauri, iska ta kewaye shi ta ko'ina, kuma ba ya motsawa daga inda yake.

Lokaci ma yana cikin lissafin, kuma shi ya sa ba na son a riƙe lamba ɗaya kamar iyakar gona, a ce ƙasa da ita lafiya, sama da ita halaka. Ƙa'idar da masu harkar mai suka daɗe suna aiki da ita ita ce duk ƙarin digiri 10 yana ninka saurin lalacewar mai da iska sau biyu. Yi lissafin da kanka. Daga digiri 90 zuwa 150 ninki shida ke nan, biyu sau biyu har sau shida, ya ba ka 64. Dattin da zai ɗauki shekara guda kafin ya taru a digiri 90 zai taru cikin ƙasa da mako ɗaya a 150. Wannan lissafin yana da daɗi ta ɗaya gefen: in ka iya rage digiri 20 kacal a wurin sil, ka ninka kwanansa kusan sau huɗu ba tare da ka sayi komai sabo ba.

Akwai kuma abin da ma'aunin zafin da ke jikin bututu ba zai taɓa gaya maka ba. Fuskokin sil suna haifar da nasu zafin saboda gogayya da kuma yankan man da ke tsakaninsu, don haka kullum sun fi man da ke kewaye da su zafi. A famfon mai, ƙarin digiri 20 zuwa 50 a kan fuska ba abin mamaki ba ne, musamman in shaf ɗin babba ne, gudun ya yi yawa, ko man ya yi kauri. Mai kuma ba gwanin kwashe zafi ba ne. Abin da kilo ɗaya na ruwa zai ɗauka, kilo ɗaya na mai kusan rabinsa yake ɗauka, kuma zafi yana ratsa ruwa fiye da sau huɗu a kan yadda yake ratsa mai. Saboda haka mutum zai iya auna ɗakin sil ya ga digiri 110 ya kwanta da hankalinsa, alhali fuskar tana kan 150 tana toya duk abin da ya fito.

Yadda gawayin ke kashe sil ya cancanci a tsaya a kansa, domin in ka gane shi za ka iya karanta mataccen sil da idonka. Da farko wani ja-ja ne mai danƙo, abin da muke kira banish. Sai ya yi duhu, ya yi tauri, ya zama baƙi mai ƙyalli. Yana taruwa a ƙarƙashin fuskar, a kan silib, wato rigar ƙarfen da ke jikin shaf, daidai inda zoben roba yake buƙatar ya riƙa zamewa gaba kaɗan-kaɗan yayin da fuskar sil ta kabon ke cinyewa. Da gawayi ya tare wannan hanya, fuskar ta maƙale. Sifirin yana turawa amma ba ta motsi. Shaf ya ɗan yi baya ko ya girgiza, fuskokin su buɗe, su kasa komawa. Yoyo ya ƙaru, ƙarin yoyo ya kawo ƙarin gawayi. Wani kuma yana kamawa a kan fuskar kanta, ya riƙa fizgar ƙananan ɓarɓashi daga kabon, ko ya karce ta kamar yashi. Shi ya sa sau da yawa za ka kwance sil mai yoyo ka tarar kabon ɗinsa bai ci ko rabi ba. Bai tsufa ba, kama shi aka yi.

In kun sake kwancewa, kada ka bari yara su jefa shi cikin kananzir kafin ka duba. Ɗauke shi yadda ya fito, ka danna fuskar da babban yatsa. In ba ta shiga ta dawo da sauƙi ba, maƙalewa ce. Duba ta wane gefe baƙin yake. In yana gefen iska, yana da tauri, sai da sukuddireba yake ɓantaruwa, wannan gawayin mai ne da iska ta toya. In gari ne mai laushi da ke shafuwa a yatsa, kabon ne ya goge, ka nemi dalilin gogewar. In dattin yana gefen mai, ya cika sifirin da lungunan ciki, to man da ke zagaya injin ne ya riga ya lalace yana ɗauke da baƙin ɓarɓashi. In fuskar mai tauri ta yi ƙananan tsagogi daga ciki zuwa waje, ko ƙarfen ya sauya launi ya yi shuɗi, sil ɗin ya yi gudu a bushe. Taɓa zoben robar ma. Na naitiril yana bushewa ya tsage tun wajen digiri 100 zuwa 120, Viton yana kaiwa kusan 200, irin su Kalrez suna wuce 250. Zoben da ya yi tauri yana karyewa a hannu ya gaya maka zafin da wurin ya kai fiye da kowane ma'auni. Kuma don Allah kada a goge fuskar da samfefa a mayar. Da inji ake goge waɗannan fuskoki har rashin daidaitonsu ya gaza kashi ɗaya cikin dubu na milimita, hannu ba ya iya wannan.

Yanzu ga magani. Abu na farko da zan so ka duba ba ya cin ko sisi. Yawancin famfunan man dumama da ake kawowa masana'antunmu an ƙera su ne yadda sil ɗin yake can baya, nesa da gangar jikin famfo mai zafi. Tsakaninsu akwai ƙunƙuntar hanya da dogon wuya mai haƙarƙarin ƙarfe, iska daga fankar motar lantarki ko ta jikin kofulin, mahaɗar motar da famfo, tana bugunsa. Manufar ita ce man da ke ciki yana kan 280, amma kafin zafin ya isa wurin sil ya sauko ƙasa sosai. Na sha ganin an zo yin lulluɓin hana fitar zafi, mai aikin ya ga ƙarfe tsirara ya ɗauka mantuwa aka yi, ya naɗe wuyan nan duka da audugar gilashi har zuwa gidan boris. Da kyakkyawar niyya ya yi, amma ya toshe hanyar da zafi ke fita. Masu ƙera irin waɗannan famfuna suna rubutawa ƙarara cewa gangar jiki kaɗai ake lulluɓewa. Haka nan ƙurar hunturu in ta haɗu da ɗan mai ta cika tsakanin haƙarƙarin, ta zama bargo. Ga ɗakin famfo da ba iska, ga zafin watan Afrilu da ke haura digiri 40 a inuwa. Duk waɗannan suna ƙara wa sil digirin da ba a lissafa da su ba.

Sami bindigar auna zafi ka auna murfin sil bayan famfon ya yi awanni yana aiki. Ƙarfe mai ƙyalli yana yaudarar bindigar ta nuna ƙasa da gaskiya, don haka ka shafa ɗan baƙin fenti marar ƙyalli a wuri ɗaya ka riƙa auna nan kullum. In kana ganin ƙasa da digiri 100, kana wuri mai kyau. In kana ganin 130 ko 140 a waje, ka san fuskar ta wuce haka, kuma ka gano inda matsalarka take. Sannan duk lokacin da aka canza sil ko aka zubar da man layin, a yi bilidin, wato a fitar da iskar ɗakin sil sosai, ana juya shaf da hannu har mai ya fito ba kumfa. Iskar da ta maƙale a nan ɓarna biyu take yi, ta hana fuska mai, ta kuma kawo oksijin cikin wurin da bai kamata ya shiga ba.

Idan famfon irin na matatar mai ne, wanda sil ɗinsa ke zaune cikin zafin kai tsaye, to sai an kori iska daga bayan sil. Hanyar da aka fi sani ita ce busa tururi marar ƙarfi a wurin, abin da ƙa'idar API 682 ta Cibiyar Man Fetur ta Amurka ke kira Plan 62. Tururin yana ture oksijin, yana sanyaya wurin tun da shi bai fi digiri ɗari da 'yan kai ba, yana kuma wanke abin da ya tsiyayo kafin ya daskare. A famfon kwalta da sauran mai masu nauyi yana da ƙarin amfani, yana hana su sandarewa lokacin da famfo ke tsaye. Amma yana da ladabinsa. Matsinsa kada ya wuce wajen kashi biyu cikin goma na ba ɗaya (ba shi ne ma'aunin matsi), abin da ake so shi ne a ga ɗan hayaƙi siriri yana fita, ba ya huci ba. In ya yi yawa zai bi shaf ya shiga gidan boris, man boris ya koma fari kamar madara, ka gyara sil ka kashe boris. Dole kuma ya zama busasshe, a sa tiraf mai tace ruwa dab da famfon, domin ɗigon ruwa in ya faɗa kan fuska mai digiri 250 fashewa yake yi ya girgiza ta. Ramin zubarwa na ƙasa ya kasance a buɗe. A buɗe tururin kafin a tada famfo, kuma kada a rufe shi don an ga kamar asara ce. Inda babu tukunyar tururi ana amfani da naitirojin. Yana korar iska sarai, sai dai ba ya wankewa kuma ba ya sanyayawa kamar tururi.

Ana kuma iya sanyaya man da ke ɗakin sil ɗin kansa. A ganina tsarin da API 682 ke kira Plan 23 ya fi sauran hankali, domin ɗan man da ke cikin ɗakin kawai yake zagayawa da shi ta cikin kula, wato na'urar sanyayawa, ya dawo, ba ya ɗebo sabon mai mai zafi daga bakin famfo kullum kamar Plan 21. Abin lura a nan shi ne ruwan sanyayawa. Ruwan rijiyar burtsatse mai gishiri-gishiri yana barin farin ɓawo a cikin kula, a hankali ta daina aiki ba wanda ya sani. Riƙa taɓa bututun shiga da na fita, in zafinsu ya zama ɗaya kular ta toshe.

Game da irin sil ɗin, API 682, wadda ta fara fitowa a 1994 kuma bugu na huɗu ya fito a 2014, ta tsayar da sil masu zoben roba a digiri 176. Sama da haka har zuwa 400 ta ba da nau'in da take kira C, mai zuga-zugin ƙarfe, galibi na wani ƙarfe mai jure zafi da ake kira Inconel 718, da girafait mai laushi a madadin roba. Amfaninsa shi ne babu zoben da ke zamewa a kan silib, don haka babu abin da gawayi zai tare. Amma kada wani ɗan kasuwa ya ce maka ya gama maganin gawayi. Lungunan zuga-zugin ma suna cika su sandare in ba tururi. Wajen fuska kuwa, silikon kabaid ya fi dacewa da mai mai zafi domin yana fitar da zafi sau da yawa fiye da farin tangaran ɗin da ke zuwa a sil masu araha. Burin wannan ƙa'ida shi ne sil ya yi awa 25,000 yana aiki, kusan shekara uku. Wanda ke mutuwa duk bayan 'yan watanni yana faɗa maka akwai abin da ba daidai ba a kewayensa.

Wasu suna komawa sil mai hawa biyu, da wani mai mai sanyi a tsakani, kamar Plan 53 ko 54, inda matsin man tsakanin ke fin na ɗakin sil da aƙalla 1.4 a ma'aunin ba. Dabara ce mai kyau, domin man mai zafi ba ya haɗuwa da iska sam. Inda ake ɓata ta shi ne wajen abin da ake zubawa a tankin man tsakanin. Baƙin man mota da man giya na atomatik cike suke da sinadaran ƙari da aka sa don injin mota, a kan fuskar sil mai zafi kwanciya suke yi su zama datti. Mai mai kauri kuma yana ƙara zafi, yana sa fuskar kabon ta yi ƙuraje ta ɓarɓashe. Abin da ya dace shi ne siririn mai na haɗi, irin wanda ake kira PAO, mai lambar kauri ISO VG 32 ko ƙasa, wanda aka yi don wannan aikin. Man haɗi ya fi man ƙasa jure iska da zafi, amma shi ma in aka bar shi ya yi ta dahuwa zai yi baƙi. A riƙe tankin da sanyi, kusa da digiri 60 in zai yiwu.

Tambayarka ta ƙarshe, ko man ne ba shi da kyau. Yana iya zama ya lalace, amma kada ka yanke hukunci da ido. Ɗebi samfur daga layin da ke gudu ka kai ɗakin gwaji a auna tsaminsa, kaurinsa, zafin da tururinsa ke kama wuta, da ragowar gawayin da yake bari. In zafin kama wutar ya faɗi ƙasa sosai da na sabo, man ya kakkarye, sassansa masu sauƙi suna tafasa a tsakanin fuskokin su bar su a bushe. In tsami da kauri ne suka hau, iska ce ke shigarsa, kuma kusan kullum ta tankin sama, wanda ke karɓar man in ya kumbura da zafi, take shiga. Ɗora hannu a jikin wannan tankin. Ya kamata ya zama mai ɗumi kawai, ƙasa da digiri 60, ko kuma a rufe samansa da naitirojin. In ba ka iya barin hannunka a kai, man naka yana shan iska yini da kwana, kuma ko ka juye shi ka zuba mafi tsada a kasuwa haka zai bi.

Ɗaukewar wuta ma tana da hannu, kuma wannan mu muka fi kowa saninsa. Famfo yana kan 280 wuta ta tafi, fanka ta tsaya, mai ya daina zagayawa, zafin gangar jiki ya bi shaf ya taru a kan sil. A cikin tukunyar dumama ma man da ya tsaya a bututu yana ci gaba da shan zafin bango yana ƙonewa. Famfon zagaya mai yana cikin abubuwan farko da ya kamata janareta ya ɗauka. In za a kashe da gangan kuma, a kashe wutar tukunya a bar famfo yana gudu har man ya sauko ƙasa da digiri 100.

Kada kuma ku zauna da yoyon kuna sa gwangwani a ƙasa kuna jiran ranar gyara. Man da ya jiƙa audugar lulluɓi yana bazuwa siriri a cikin zaruruwanta, yana shan iska, yana tara zafi a ɓoye, kuma yana iya kamawa da wuta da kansa a zafin da bai kai wanda aka rubuta a takarda ba, sau da yawa daidai lokacin da aka buɗe lulluɓin iska ta shiga. Duk audugar da mai ya jiƙa a cire ta bayan layin ya huce, da abin kashe gobara a kusa, a sa sabuwa.